Ranar da Na Ƙi Hawa Bayan Yayanku

Ku huɗu na haifa bayan yayanku, kuma babu wanda a cikinku bai taɓa ba da labarin jirgin ruwan nan ba, alhali ba ɗayanku da ya taka shi. Binta, ke kullum cewa kike Umma ba ta san abin da ake ciki ba, da ta sani da ta sauka. Dangin mahaifinku kuwa har gobe suna faɗa a gidan biki cewa na ƙi yarinyar da yayanku ya so ne don 'yar China ce. Ke kin wanke ni da abin da ba haka ba ne, su sun ɓata ni da abin da ba haka ba ne, ni kuma na yi shiru shekara da shekaru don shirun ya fi mini sauƙi. Yanzu ido ya fara gajiya, hannun da nake taƙama da shi ya fara rawa, gara in rubuta muku yadda yayanku ya rasa auren da yake so tun ina iya riƙe biro.

Sai kun fara sanin irin gidan da na fito. A ƙauyenmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta san yana wurin. Ni kuma ban tsaya inda sauran mata suke tsayawa ba, na wuce. Ranar da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, na raka ta har zaure ina mata hirar tsadar manja. Yana shekara tara, bayan ya dawo hannunmu, ya faɗo daga bishiyar mangwaron gidanmu ya karye a hannu, ina tankaɗe a tsakar gida, ban ajiye rariyar ba sai da maƙwabciya ta shigo ta ɗaga shi. Da yamma mata suka cika gidan suna cewa Saude akwai kara, irin ta mutanen da. Yabon nan ya yi mini daɗi, ba zan ɓoye muku ba. Na yi makaranta, na koyar a firamare shekara ashirin, na san sarai abin nan ba ya cikin littafin Allah. Duk da haka na riƙe shi kamar sallah, domin shi ne abin da na fi kowace mace iyawa. Shi ma yaron ya koyi nasa ɓangaren. Ku kuna ce mini Umma kuna faɗawa jikina, shi Hajiya yake cewa, daga bakin ƙofa yake durƙusawa ya gaishe ni, in amsa ina kallon wani wuri.

Bayan rasuwar mahaifinku na ajiye alli na kama kasuwanci. Daga kasuwar Kwari na fara, har Allah ya kai ni Guangzhou ina saro labule da wandunan jins. Ku tambayi duk wanda ya san ni a lokacin. Da asuba nake kama motar Xintang, garin masu ɗinkin jins, in zaga shago arba'in a ƙafa, in dawo Xiaobei da yamma, unguwar da 'yan kasuwarmu suke, in haye gadar nan mai matakala da jaka a kai ina wuce samari. Masu shago na hango ni za su miƙe suna lawban, lawban, wato shugaba. Yayanku kuwa ya riga ya zauna a garin, yana da ɗan ofis a benen Tianxiu inda yake tura wa mutane kaya gida. Shi yake tura nawa, amma ban taɓa kwana a gidansa ba. Wurin Hajiya Mariama nake sauka, wata 'yar kasuwa mutuniyar Maraɗi da ta girme ni, mai baki kamar reza da zuciya mai kyau. In ina da magana da shi ita nake faɗa wa, in yana da magana da ni ita yake faɗa wa, ko da kuwa mu ukun muna ɗaki ɗaya.

Haɗarin hanyar Zariya kun fi ni sanin sa, tunda ku kuka yi jinya. Na farka da ƙafafu biyu da ba nawa ba. Shekara biyu ina kan keken guragu a gida, sai a farkon shekarar da China za ta yi wasannin Olamfik yayanku ya aiko a kawo ni, wai akwai wani likita mai tsira wa mutum ƙananan allurai, an ce jijiyoyi suna farfaɗowa. Wata huɗu ana mayar da ni bushiya, babban yatsa ko motsi bai yi ba. Abin da ya fi allurar ciwo shi ne garin. Garin da na sani da tafin ƙafata, yanzu daga kan keke ba na ganin komai sai ɗamarar mutane da jakunkunansu. Gadar da nake hayewa a guje ta zama katanga. Na sa a kai ni wurin wani mai labule da muka yi shekara shida muna ciniki, ya dube ni ya yi murmushi, sannan ya ɗaga kai yana tambayar mai tura ni me nake so. Daga ranar ban sake neman fita ba.

A wannan zaman ne Amina ta shigo rayuwata. Musulma ce 'yar China, fara siririya mai ɗan kwali har haɓa, tana aiki a ofishin da ke kusa da na yayanku. Kullum in ta tashi aiki sai ta biyo ta gidan Hajiya Mariama ta yi mini wanka, ta shafe ƙafafuna da mai, ta juya ni don kada bayana ya yi gyambo. Abin da wasu 'ya'yan cikina suke yi suna toshe hanci, ita tana yi tana koyon Hausa a bakina. Mama take ce mini. In Hausar ta ƙare mu koma Turancina na malamar firamare da nata na ofis, mu haɗu a tsakiya. Da fari na ɗauka ɗauko ta aka yi aiki. Amma ni ba yarinya ba ce. Na ga yadda take gyara ɗan kwali in ta ji sallamarsa, na ga yadda shi yake rasa inda zai ajiye idonsa. Na gane, na ji daɗi a raina, na kuma yi abin da uwar ɗan fari take yi, na zama kamar ban ga komai ba.

Shekarar ba ta yi wa baƙi daɗi ba. Saboda wasannin aka tsaurara biza, duk wanda tasa ta ƙare sai ya koma ƙasarsu, in ka je neman ƙari kalma ɗaya za ka ji, meyo, wato babu. Kullum sai mun ji wane ya rufe shago ya tafi. Ta yayanku saura mako uku ta ƙare, tawa ma haka. Ana cikin wannan Hajiya Mariama ta shigo wata rana ta zauna a bakin gadona.

“Yaron ga naki ya yanko muna tikitin bato,” in ji ta. “Babban jirgin ruwa na yawon buɗe ido, kwana huɗu. Za mu har wani tsibiri, Hainan, mu sauka mu ga gari mu komo. Ya ce ki sha iska kahin ki koma gida.”

Na ce, “Gurguwa da yawon buɗe ido? Ki ce masa an gode.”

“An gode ɗin mi? Ni dai ban taɓa hawa ba, kuma ba ki hana ni. Tashi mu ɗaure kaya.”

Ban yi zaton zan sake jin daɗin duniya ba, amma kwana biyun farko a jirgin nan na ji. Gari ne guda a kan ruwa, hawa kan hawa, kuma duk inda za ka akwai lif, ƙasan a shimfiɗe ba tudu ba kwari. Karo na farko tun haɗarin na tura kekena da hannuna daga ɗaki har wurin cin abinci ba wanda ya taɓa ni. Na fita sararin sama inda ake shan iska, na ga ruwa ya haɗe da sama ta ko'ina, na yi ta tasbihi. Abincinsu ba mu yarda da namansa ba, sai kifi da ƙwai da shinkafa, Hajiya Mariama ta fito da yajinta da kilishi muna barbaɗawa, wasu tsofaffin 'yan China suka matso suka ɗanɗana suna tari suna dariya. Ɗakin yayanku yana can ƙarshen jirgin. Safe da yamma yake zuwa ya durƙusa a ƙofa, ya tambayi Hajiya Mariama ko Hajiya tana bukatar wani abu. Na lura da wata jaka da ba ya rabuwa da ita, kuma duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san ƙamshin ganyen da ake naɗe goro da shi ko daga nesa.

Da hantsin rana ta uku muka iso tsibirin. An ce mana jirgin zai jingina da gaɓa a sa gada mai faɗi, in gangara a kan kekena, yayanku ya tambaya tun kafin ya yanki tikiti. Amma ranar wurin jinginar bai samu ba, sai jirgin ya tsaya can cikin ruwa, garin yana hango mu muna hango shi, ga itatuwan kwakwa ga fararen gine-gine. Aka ce ƙananan jirage ne za su riƙa kwasar mutane, kuma kafin la'asar kowa ya dawo. Muka bi layi har wata ƙofa can ƙasan jirgin. Da na leƙa sai na ga matakala ce ta ƙarfe, siririya, mutum ɗaya take ci, ta sauka a tsaye zuwa wani dandamali da ruwa yake ɗagawa yana saukewa. Wani ma'aikaci mai farar riga ya dubi kekena ya girgiza kai. Ya yi wa yayanku bayani da yarensu: keken za a naɗe shi a saukar daban, ni kuma sai dai a goya ni. Ya nuna wani ƙato cikin ma'aikatan. Na ce Allah ya kiyaye, namijin da ba muharramina ba ba zai taɓa ni ba. Wannan kam ina da gaskiya, ba wanda ya yi mini musu.

Sai yayanku ya miƙa wa Hajiya Mariama jakar. Ranar farar shadda ya sa, sabuwa, da hula zanna. Ya tattare rigar, ya zo gaban kekena ya juya mini baya ya durƙusa. Shekararsa talatin da huɗu, kuma ban taɓa ganin ƙeyarsa kusa haka ba tun yana jariri. Har da furfura biyu-uku. Ya miƙo hannuwansa ta baya yana jira.

Hajiya Mariama ta sunkuyo daidai kunnena.

“Saude, saurara da kyau. Ba yawo ya kawo mu ba. Garin su Amina ne wanga, ta riga mu zuwa tun wancan mako. Uban ya ce ba shi ba da ɗiyarshi ga baƙon da bai ga danginshi ba, don sun ga waɗanda suka aura suka ɓace. Yaro ba shi da uba, baffanninshi an hana su biza. Ke ɗai kika rage. Suna can bakin ruwa suna jiran ki. Tun Guangzhou ya ce in hwaɗa miki, ni ce na ce a bari sai mun zo, don na san halinki.”

To kun ji, Binta. Na sani. Kafin in buɗe baki na san komai, kuma ina son yarinyar har cikin raina. Amma ku dubi abin da aka ajiye a gabana. In rungume wuyan ɗan farina, ƙirjina a bayansa, hannunsa a cinyoyina, a gaban mutum ɗari. Sannan a haka, a goye, in je nema masa aure da bakina, abin da ko uwar ɗan auta ba ta yi a garinmu. Na ji kamar duk matan ƙauyenmu, rayayyu da matattu, sun jeru a bayana suna kallo. Ba wanda ya san ni a jirgin nan sai mutum biyu, kuma su biyun roƙo na suke. Duk da haka na riƙe hannun keken gam.

Na ce wa Hajiya Mariama, “Ki ce masa ya tashi, yana tare wa mutane hanya.”

“Ke Saude, ki ji tsoron Allah! Ɗanki ne, halalinki ne. Wane malami ya hana?”

“Ni ce zan je neman aurensa? Ina aka taɓa yi? Ya je ya gaishe su, in an koma gida maza su yi magana.”

“Wane gida? Nan da mako biyu an kore shi ƙasar!”

Layi ya tsaya a bayanmu, mutane sun fara gunaguni. Wata tsohuwa 'yar China da ba ta iya taka matakala, ɗanta ya saɓa ta a baya suka raɓa ta gefenmu, tana riƙe da kunnuwansa tana ƙyalƙyala dariya. Yayanku yana nan durƙushe. Sai na ji muryarsa ƙasa-ƙasa, kuma wannan ne karo na farko a rayuwarsa da ya roƙe ni wani abu kai tsaye, ba ta bakin kowa ba.

“Hajiya, taku goma sha biyu ne kawai. Na ƙirga. Ki rufe ido.”

Da shiru kawai na yi ma da sauƙi. Juya keken na yi da hannuna, hannun nan da nake murnar ya iya kai ni ko'ina, na ba shi baya na nufi lif. Ban waiwaya ba, saboda haka ban san tsawon lokacin da ya ɗauka a durƙushe ba. Hajiya Mariama ta ce ya daɗe.

Shi kaɗai ya tafi. Ita ta ƙi bin sa, ta ce ba za ta je ta tsaya a matsayin uwa ba alhali uwar tana zaune ana hango ta, ƙarin cin fuska ne. Ta kuma ƙi zama kusa da ni. Na wuni a sararin sama, jirgin ya zama kango, daga ni sai masu goge-goge. Ina ganin ƙaramin jirgin da ya ɗauke shi, farar shaddarsa ta yi ta ƙanƙancewa har na daina bambanta ta da kumfar ruwa. Can bakin gaɓa akwai ɗigo-ɗigon mutane, ban san waɗanne ne nasu ba. Wani ma'aikaci ya kawo mini shayi ya nuna garin yana mini alamar akwai kyau, na ce shiye-shiye, wato na gode. Na yi azahar a zaune, na rasa abin da zan roƙa. Sau biyu na tura keken har bakin lif da niyyar in ce a kira ƙaton nan ya sauke ni, in ya so in yi istigfari daga baya. Sau biyun na dawo.

Da la'asar ya dawo a jirgin ƙarshe. Ya durƙusa a ƙofar ɗakinmu kamar kullum, ya ajiye wani kwando: soyayyen kifi, shinkafa dafaffiya da ruwan kwakwa, da wani mayafi mai aikin hannu da uwar Amina ta tanadar mini.

Ya ce wa Hajiya Mariama, “A ce wa Hajiya suna gaishe ta. Sun ce Allah ya ƙara sauƙi.”

Jakar goron tana rataye a kafaɗarsa, cike kamar yadda ta tafi. Ko su ne ba su karɓa ba, ko shi ne bai ga fuskar fito da shi ba, ban tambaya ba har yau. Abincin nan ba wanda ya ci a cikinmu.

Allah bai bar ni haka ba, sai da ya sake ba ni dama. Kwana uku kafin mu taso gida, Amina ta zo. Ta yi mini wanka kamar ba abin da ya faru, ta zauna a ƙasa ta ɗora ƙafata a cinyarta tana shafa mai. Ba ta ɗago ba ta fara magana.

“Mama, babana tun safe yake tsaye a rana da farar hularsa. Duk jirgin da ya iso sai ya matsa ya duba. Ya gayyato limaminmu da 'yan'uwansa. Da aka ce kina ciki ba za ki sauko ba, sai ya ce ya gane.”

Na ce mata ba abin da ya gane ba ne. Na yi ta kame-kame da Turanci, ina cewa a wurinmu uwa ba ta taɓa ɗanta na fari, al'ada ce, girmamawa ce. Ta saurara har na gama.

“Ba kya son sa ne?”

Amsar tana nan cike da ƙirjina, amma ita ma ba a faɗar ta a kan ɗan fari. Sai ta ciro wayarta ta riƙe a hannu.

“To ki gaya wa babana. Ki ce kin yarda, ki ce kina so na. Ni zan fassara. Magana ɗaya, Mama.”

Ba matakala a nan, ba ruwa, ba idon mutane, daga ni sai ita a ɗaki. Na dubi wayar na ce, “Ki bari mu koma gida, baffanninsa za su kira shi. Haka ake yi.”

Ta mayar da wayar jaka. Ta gama shafa ɗaya ƙafar tsaf, har tsakanin yatsu, ta ja mini zane ta rufe. Ta ce sai wata rana, da Hausarta mai daɗi. Baffannin naku kuwa da muka dawo suka ce sai sun yi shawara, shawarar ta ci wata biyar, kuma ba wanda ya matsa musu tunda ni ban ce uffan ba. Da yayanku ya samu komawa bayan shekara, ta bar aikin ta koma tsibirinsu. Saƙo ɗaya ta bar masa, cewa ba za ta shiga gidan da sai an roƙi a karɓe ta ba. Hajiya Mariama ba ta sake kira na ba har ta rasu.

Bai taɓa yi mini maganar ba, ko a fuska. Ya rufe ofishin ya dawo Kano, ya yi shekara tara bai yi aure ba, kuna ta yi masa tsiya wai tuzuru. Matar da ya aura daga baya mutuniyar kirki ce, kada ta karanta wannan ta ji wani abu. Shi ya gina mini gangara a ƙofar ɗaki, shi yake sauya mini keke in ya tsufa, duk Juma'a yana nan bakin ƙofa a durƙushe. Mutane suna cewa na yi dacen ɗa mai ladabi. Ni na san abin da na yi, ina jin sa kullum, kuma ban taɓa samun bakin ba shi haƙuri ba.

Bara waccan, wata Juma'a bayan an sauko masallaci, kin fita kai wa maƙwabta abinci, Binta, sai na ce bari in yi alwala da kaina. Na miƙa hannu zan jawo buta, keken ya goce, na kife a kan siminti a tsakar gida. Goshina ya fashe, zanena ya yaye har gwiwa, rana tana dukan simintin kamar tanda. Ina nan kwance na ji sallamarsa. Ya shigo da sauri, taku uku ko huɗu, sai ya tsaya cak. Ya juya mini baya don kada ya ga tsiraicina, ya ciro waya yana kiran ki.

Na dubi bayan nan. Ya ɗan ranƙwafa yanzu, furfura ta cinye ƙeyar. Ba kowa a gidan. Na tattara abin da ya rage mini na ƙarfi, na yi masa magana kai tsaye.

Na ce, “Zo ka ɗaga ni.”

Na ga kafaɗunsa sun motsa. Na ɗauka zai juyo. Sai ya matsa gefe kaɗan, inda inuwarsa za ta faɗo a kaina ta tare mini rana, ya tsaya a nan.

“Yi haƙuri, Hajiya,” in ji shi. “Ga Binta nan zuwa.”